Amsoshin Tambayoyinku: Daga Ƙofar Gida Ake Fara Awo

TAMBAYA: Ni malamar firamare ce, ina zaune a Jiwa da 'ya'yana huɗu. Lokacin da muka tare akwai wani fili a bayan layinmu mai bishiyoyin mangwaro uku. Nan yara ke buga ƙwallo, mu kuma mata mukan shimfiɗa tabarma da la'asar mu sha iska. Bara aka zagaye shi da bulo. Yanzu a kan hanya yaran ke wasa, inda tifofi da 'yan acaɓa ke wucewa, kullum raina a tashe. Kwanan baya kuma na ji wani a rediyo yana yabon Abuja da yawan lambuna da wuraren shaƙatawa. Don Allah da wane ma'auni masu tsara birni ke gane cewa jama'a sun sami wurin shan iska ko ba su samu ba? Kuma mu mutanen Jiwa muna cikin lissafin kuwa?
Daga wata malama, Jiwa, Abuja.

AMSA: Malama, Allah ya tsare mana yaran nan, ya raya su. Mutumin da kika ji a rediyo yana da hujjarsa, ke ma abin da idonki ya gani gaskiya ne. Mudu biyu ake awo da su a wannan harka, shi ya ɗauki ɗaya, ke kuma ɗayan ne ya shafe ki.

Bari mu fara da nasa. Ranar 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta samar da Babban Birnin Tarayya, ta kuma kafa hukumar raya shi, wato FCDA. A 1979 wani gungun kamfanonin Amurka mai suna International Planning Associates ya miƙa babban tsarin birnin. A cikin wannan tsari an ware kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙasar birnin a bar ta ba gini: duwatsu, bakin rafuka, lambuna, filayen wasa. Kaso ne mai tsoka ƙwarai, kuma wanda ya taɓa ratsa Maitama ko Asokoro da damina ya ga alamarsa. Lambun Millennium kaɗai, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe ranar 4 ga Disamban 2003, ya kai hekta 32. Ga bakin tafkin Jabi, ga wurin wasan yara da gidan namun daji da ke gindin dutsen Aso. Idan aka tara faɗin waɗannan wurare aka raba da yawan mutane, sai a ce kowane mutum ya sami murabba'in mita kaza. Wannan shi ne tsohon mudu, kuma har gobe da shi ake cika baki a taruka.

Inda gizo ke saƙar shi ne nan. Jiwa ɗaya ce daga mazaɓu 12 na ƙaramar hukumar birni da kewaye, AMAC, ƙaramar hukumar da Maitama da Wuse da Garki ke ciki. Saboda haka duk lokacin da aka yi wancan rabo a kan takarda, an ba 'ya'yanki kasonsu na ciyawar Millennium. Kina cikin lissafi ke nan, Malama, sai dai lissafin bai tambayi yadda za ki kai su can ba. Tafiya ce ta fiye da kilomita 15, ki bi ta Gwagwa da Karmo ki fita Life Camp, ki sauya mota, ki biya kuɗin mutum biyar zuwa da dawowa, ban da ruwan sha da abin taɓawa. Malamar firamare za ta iya yin haka sau ɗaya ko biyu a shekara. Shi ya sa ranar Sallah da washegari za ki ga Millennium da Jabi sun cika maƙil da iyalai daga garuruwan gefe. Ni idan na ga wannan cunkoso, abin da nake karantawa a cikinsa shi ne yunwar fili ta shekara guda ce ake zuwa kashewa a yini ɗaya. Idan rumbun maƙwabcinka cike yake naka kuma wayam, mai lissafi zai iya cewa kowannenku na da rabin rumbu, amma gida ɗaya ne za a ɗora tukunya.

Mudu na biyu daga ƙofar gida yake farawa. Tambayarsa ita ce: idan yaro, ko tsohuwa, ko uwa mai goyo ta fito daga zaure, tafiyar minti nawa za ta yi a ƙafa kafin ta iso wurin da za ta zauna a inuwa ba tare da ta biya ko sisi ba? Ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na nahiyar Turai ya ba da shawara a 2017 cewa kowane mazaunin birni ya sami fili na jama'a mai tsirrai, wanda bai gaza rabin hekta zuwa hekta ɗaya ba, a cikin mita 300 daga gidansa, wato tafiyar kamar minti biyar. Majalisar Ɗinkin Duniya ma, a cikin muradun ci gaba 17 da ƙasashe suka amince da su a 2015, Najeriya na ciki, ta sa buri a ƙarƙashin muradi na 11 cewa kafin 2030 kowa ya sami irin wannan wuri mai aminci, kuma ta ambaci mata da yara da tsofaffi da naƙasassu da sunansu. Hukumarta mai kula da matsugunai tana auna wannan da mita 400. Akwai kuma wani masanin itatuwan birni ɗan ƙasar Holan, Cecil Konijnendijk, wanda a 2021 ya taƙaita abin cikin lambobi uku masu sauƙin riƙewa, 3 da 30 da 300: mutum ya hango bishiya uku daga gidansa, inuwar itatuwa ta rufe kashi 30 cikin ɗari na unguwarsa, sannan wurin shaƙatawa mafi kusa kada ya wuce mita 300.

Waɗannan lambobi a ƙasashen sanyi aka haife su, don haka sai mun gyara musu zama. Bature yana neman ciyawar da zai kwanta ya sha hantsi, mu kuwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Abuja ke haura digiri 35, inuwa muke nema ido rufe. Fili mai faɗin hekta guda da ba bishiya ko ɗaya, daga hantsi zuwa la'asar sakaliya ba mai zama a cikinsa. A ganina, a wurinmu lambar farko da ta biyu sun fi ta uku nauyi, kuma mangwarorin nan uku da kika ambata sun fi wani shimfiɗaɗɗen lambu amfani ga layinku.

To yaya ake yin awon kansa? Masu tsara birni sukan fara da hoton tauraron ɗan'adam, su zana duk inda ba gini. Wannan matakin yana da yaudara, musamman idan hoton na damina ne, domin daga sama gonar masara da maƙabarta da fulotin da aka zagaye da filin wasan golf na 'yan ƙungiya duk kore ne iri ɗaya. Dole wani ya sauko ya taka da ƙafarsa, ya ga wanne ne ake shiga, wanne ne da maigadi, wanne ne ya zama juji. Wanda ya tsallake wannan tantancewa shi ake sa wa alama, kuma a ƙofarsa ake sa alamar, domin lambu mai katanga da ƙofa ɗaya yana iya zama a bayan ɗakinki amma sai kin yi zagayen kilomita kafin ki shiga.

Daga nan sai a auna nisa, kuma nan ma akwai hanyar ragwanci da hanyar ƙwarai. Ta ragwanci ita ce a kafa tsinke a kan filin a zana da'ira mai mita 300, a ce duk gidan da ya faɗo ciki ya samu. Tsuntsu ne kaɗai ke tafiya haka. Ta ƙwarai ita ce a bi lungu da layi yadda ɗan'adam ke bi, a lura da abin da ke tare hanya: rafin da ke cika da damina ba kwalbati, layin dogo, doguwar katangar wata ma'aikata, babban titi. Ki ɗauki titin Kubwa da ya ratsa ta Dei-Dei. Da a ce akwai lambu a tsallakensa, mita 200 daga wani gida, taswira za ta ce gidan ya wadata, alhali babu uwar da za ta bar ɗan shekara bakwai ya tsallaka wannan titi. A awo na gaskiya wannan gida ba shi da komai.

Sai kuma a ƙirga mutanen da ke cikin iyakar da waɗanda ke wajenta, a fitar da kaso: kashi kaza cikin ɗari na mutanen unguwa kaza suna da wurin zuwa. Wannan lambar ita ce mai amfani ga mai tsara birni, domin tana nuna masa da yatsa inda ramin yake. Matsalarmu a nan ita ce ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya a 2006 aka yi ta, lokacin da aka sami mutum 776,298 a AMAC gaba ɗaya. Tun daga wancan lokaci garuruwan gefe sun kumbura, ga masu shigowa neman abinci daga kowace jiha, ga waɗanda rusau na shekarun 2003 zuwa 2007 ya kora daga wurare irin su Karmo, ga ma'aikatan da hayar cikin gari ta fi ƙarfinsu. Idan babu sabuwar ƙidaya, sai a koma ƙirga rufin gidaje daga sama a yi kiyasi. Amma rufi ɗaya a Maitama iyali ɗaya ne, a Jiwa kuwa yana iya zama gidan haya mai ɗaki goma, kowane ɗaki da iyalinsa. Wanda bai san wannan ba zai rage yawan yaran unguwarku ba da gangan ba, ya ɗauka buƙatarku kaɗan ce.

Ɓangaren da aka fi yin watsi da shi, wanda kuma wasiƙarki ta taɓo, shi ne: wa ke zuwa wurin? Filaye da yawa da aka ware a cikin Abuja don lambu an ba da su haya, sun koma wuraren gasa kifi da sayar da abin sha, da kiɗa har dare. A taswira suna nan da koren launi, ana kuma ƙirga su. Amma matar aure da 'ya'yanta huɗu ba za ta shimfiɗa tabarma a can ba, wanda ba shi da kuɗin sayen komai kuma kunya ma ta hana shi zama. Haka filin ƙwallo: samari majiya ƙarfi su mamaye shi daga la'asar zuwa magariba, ƙanana su koma gefe, 'yan mata kuwa ba su da wurin gaɗa ko 'yar carafke. Shi ya sa masu awon ƙwarai sukan sa mutum ya zauna a wurin da takarda, da safe, da la'asar, da bayan magariba, ranar aiki da ranar hutu, yana rubuta maza nawa, mata nawa, yara nawa, tsofaffi nawa, me kowa ke yi. Sukan duba ko akwai wurin zama, da ruwa, da bayan gida, da fitila, da ko keken guragu zai iya shiga, da ko 'yan shaye-shaye sun mai da wata kusurwa tasu. Sannan su bi gida-gida su tambayi waɗanda ba sa zuwa dalili. Amsar waɗannan ita ta fi kowace tsada, kuma sai an sami mace mai tambaya kafin a ji ta matan cikin gida.

Kada ki ɗauka wannan tunani baƙo ne a wurinmu. Tsohon garin Hausa yana da dandali inda ake dambe da kokawa da langa da wasan dare a farin wata, yana da fili a ƙofar fada, da filin Idi, da dakali a gindin ceɗiya ko durumi inda dattawa ke hira. Yana da hurumi, ƙasar da aka keɓe wa gari ba mai noma ta ko gina ta don kansa, yana da burtali da aka bar wa dabbobi. Duk waɗannan a cikin tafiyar ƙafa suke, ba mai hawa jaki ya je dandali. Jiwa kanta tsohon gari ne mai sarkinsa tun kafin a yi mafarkin babban birni. Abin da ya canza shi ne darajar ƙasa: da fuloti ya zama kuɗi, sai kowane fili ya sami mai so. Mutanen Kano sun ga yadda aka yi da filin Idi na Ƙofar Mata, inda aka gina shaguna, sabuwar gwamnati ta zo a 2023 ta rushe su, 'yan kasuwa suka yi asara mai yawa, magana ta kai kotu. Da an riƙe filin tun farko, da ba a kai ga wannan ba.

Wannan ya kawo mu kan filin bayan layinku. Akwai bambanci tsakanin filin da ba a gina ba tukuna da filin da aka keɓe wa jama'a a rubuce. Yawancin wuraren da yaran garuruwan gefe ke wasa irin na farko ne: suna da mai su, bai tashi gini ba ne kawai, ranar da ya sami kuɗin bulo wasa ya ƙare. A Babban Birnin Tarayya ƙasa duka a hannun gwamnatin tarayya take, minista ne ke ba da ita, hukumar AGIS ke ajiye bayanan filaye, sashen kula da gine-gine ke ba da izinin gini, sannan akwai sashen kula da lambuna da wuraren shaƙatawa. Sarki da hakimi da mai unguwa suna da faɗa a ji, kuma ba a yin komai a gari ba da su ba, amma takardar da za ta hana a gina fili har abada daga waɗancan ofisoshi take fitowa.

Ga shawarata, kuma ke kin fi kowa damar yin ta, tunda kina da aji. Mita 300 kamar taku 400 ne na babban mutum. Ki sa ɗalibanki manya, 'yan aji biyar da shida, kowa ya gaya miki inda yake wasa bayan an tashi, taku nawa ne daga gidansu, me yake tsallakawa kafin ya isa, akwai inuwa ko babu, wa ke korarsu. Ki tambayi 'yan matan daban, don kada muryar mazan ta danne tasu. Ki zana unguwar a babbar takarda, ki sa wa kowane wuri alama, ki ware wanda ke kan hanya, da wanda ke fulotin wani, da wanda ke harabar makaranta ko masallaci ko coci. Cikin mako biyu za ki sami abin da babu wani hoton tauraro da zai ba da shi, kuma yaran sun koyi awo da taswira a kan ƙasar da suka sani. Da wannan takarda a hannu, ƙungiyar iyaye da malamai za ta iya zuwa wurin mai unguwa, daga nan fada, daga nan kansilan mazaɓa, a rubuta wa sashen lambuna takarda a hukumance, a nemi a duba matsayin filayen da suka rage. Koke na baki ana saurara a ce Allah ya kyauta. Takarda mai nuna cewa yara kaza cikin kaza a kan titi suke wasa tana shiga fayil, ana iya bibiyarta.

Me za ku nema? Rabin hekta da Hukumar Lafiya ta ambata ya kai kusan fuloti 11 na ƙafa 50 da 100, kuma a tsakiyar unguwar da ta riga ta cushe samun wannan da wuya. Ni zan ce ku raba buƙatar biyu. Samari masu ƙwallo za su iya tafiyar minti goma sha biyar, fili ɗaya babba ya ishi unguwanni da dama, kuma mafi sauƙin samu shi ne filin makarantar gwamnati, a daidaita da hukumar makaranta a riƙa buɗe shi bayan an tashi da ranakun hutu, da wanda zai kula. Ƙananan yara da mata da tsofaffi kuwa kusa suke buƙata, ko da fuloti ɗaya ne mai darbejiya biyar da dakali biyu da ƙasa mai laushi, a inda idon gidaje ke kai. Irin wannan mai hali ɗaya zai iya saye ya yi wakafi da shi, kamar yadda ake yi da rijiya da masallaci, amma a rubuta, a sa shaidu, a kai ofis, don kada magada su zo su tayar.

Ku kuma sa ido a kan bakin rafi. Tsarin Abuja ya hana gini a hanyar ruwa, kuma mutanen Lokogoma da Lugbe sun ɗanɗana abin da ke biyo baya idan aka ƙi ji. Wannan ƙasa da bai halatta a gina ba ita ce mafi arha da za a mayar wurin shan iska, idan aka kwashe shara, aka dasa itatuwa, aka yi shinge a inda ruwa ke da zurfi. A nan buƙatarku da ta hukuma sun haɗu, domin su ma suna neman abin da zai hana mutane cinye hanyar ruwan.

Abu ɗaya kada ki manta, Malama: ki yi awon sau biyu, ɗaya a watan Maris, ɗaya a watan Agusta. Filin da ke da kyau da rani yana iya zama tafki da damina, gajeriyar hanyar da yara ke bi ta cikin rafi tana iya rufewa wata huɗu, wurin da ke da daɗin zama a Agusta kuma yana iya gagarar kowa a Maris. Idan kun sami wurin dashe, ku jira ruwa ya zauna a watan Yuni, ku sa wa kowane dashe keji saboda awaki, ku ba kowane aji bishiyarsa. Idan taswirar ta kammala ki aiko mana da hotonta, za mu buga ta a wannan fili da yardar Allah.